Daga Shushainan Paris Zuwa Yashin Bar Beach

Wata safiya a shekarar 1838, Louis Daguerre ya kafa akwatinsa na ɗaukar hoto a tagar bene, ya auna wani babban titin birnin Paris da ake kira Boulevard du Temple. Titi ne na gidajen wasan kwaikwayo, kullum a cike da kekunan doki da 'yan talla da masu kai-komo. Da hoton ya fito sai ga titi wayam, kamar an yi ruwa an ɗauke. Gidaje na nan, itatuwa na nan a jere, amma ba doki ba mahayi. Farantin ƙarfen da yake ɗaukar hoto a kai sai ya yi mintuna yana shan haske kafin siffa ta zauna, saboda haka duk abin da ke motsi ya goge kansa da kansa. Mutum biyu kaɗai suka tsira, can ƙasa ta ɓangaren hagu: wani da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, da shushainan da ya duƙa a gabansa. Sana'a ce ta tsayar da su wuri guda har na'ura ta gan su, kuma su ne ake ɗauka mutanen farko da hoto ya taɓa kamawa.

Shekara 24 bayan haka, abin da kyamara ta yi wa titin a kan faranti, hukuma ta yi masa a ƙasa. A 1862 aka rushe yawancin gidajen wasan don a buɗe filin da yau ake kira Place de la République. Mai wannan rusau shi ne Baron Haussmann, wanda Sarki Napoleon na Uku ya damƙa wa birnin daga 1853 zuwa 1870. Ya tsaga tsoffin unguwanni da faffaɗan tituna, ya haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ya jera fitilun gas, talakawa dubbai kuma suka kwashi komatsansu suka koma bayan gari.

Hukumar birnin tana da mai hotonta, Charles Marville. Shi ya riƙa shiga lungunan da aka yanke wa hukunci, ya ɗauki fiye da 400 kafin masu guduma su iso. A hotunansa kwata na gudu a tsakiyar lungu, duwatsun daɓe na sheƙi da danshi, bango ya yi baƙi, kuma da ƙyar a ga mutum. Hukuma ta so ta ajiye tarihin abin da ta kawar, wasu ma na ganin so ta yi ta nuna ya cancanci kawarwa. Yau masu kallon hotunan kewar lungunan suke ji. Hoto ya kuɓuce wa wanda ya biya kuɗinsa.

Bahaushe kalma ɗaya gare shi, fasaha, ga gwanintar mai zane da kuma ƙirar injiniya, kuma a wannan fage ya fi Bature gaskiya. Kyamara na'ura ce, sa'ar jirgin ƙasa da wayar tangaraho, don haka mai hoton da ke bibiyar yadda na'urori ke sauya birni da 'yar gida yake aiki. Irin hoton da ake nufi a nan ya bambanta da na jarida mai cewa ga abin da ya faru jiya, ya kuma bambanta da na talla da kamfanin gine-gine ke biya. Hoto ne da mai shi ke shafe shekaru a kan tambaya guda, a wanke shi da girma, a rataye a ɗakin baje koli ko a buga shi littafi. In aka jera irin waɗannan ayyuka tun daga Daguerre, abu ɗaya ke ta dawowa: na'ura na ƙara girma, mutum na ƙara ƙanƙancewa a cikin hoton, har ya zama sai an laluba kafin a same shi.

A farkon ƙarni na 20 fasahar da ke sauya birni ba ta ɓuya. Ƙarfe ne da siminti da lantarki da lifta, abubuwan da suka ba gini damar miƙewa sama. Berenice Abbott, Ba'amurkiyar da ta zauna a Paris ta kuma ceto dubban hotunan tsoho Eugène Atget bayan rasuwarsa a 1927, ta koma New York a 1929 ta tarar ana tuge gajerun gidaje ana dasa masu hawa hamsin. Shahararren hotonta na dare ta ɗauke shi a 1932 daga saman benen Empire State, wanda aka gama shekara guda kafin nan. Sai da ta yi lissafi kamar mai duban wata. Tana buƙatar duhu, tana kuma buƙatar fitilun ofisoshi a kunne, ma'aikata kuwa ƙarfe 5 suke tashi. Wannan haɗuwa ba ta samuwa sai a 'yan kwanakin Disamba da rana ke faɗuwa da wuri. Hoton ya fito da dubban tagogi suna ƙyalli kamar an watsa garwashi a faifai. Kowace taga da mutum a bayanta, amma ko ɗaya ba a gani.

Mota ta zo ta yi nata. Detroit, garin Ford da General Motors da Chrysler, tana da mutum miliyan 1.8 da ɗoriya a 1950. Motar da ta gina garin ita ta kwashe shi: manyan tituna suka ba masu hali damar tarewa a bayan gari, masana'antu suka bi su ko suka ƙaura wasu jihohi, injuna suka rage hannun da ake buƙata, wariyar launin fata ta ƙarasa sauran. A ƙidayar 2010 saura wajen 714,000. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, sun yi shekaru suna kutsawa kangayen birnin, suka fitar da littafi a 2010. Cikin wuraren da masu hoto ba sa tsallakewa akwai gidan sinima na Michigan, wanda aka buɗe a 1926 da kujeru wajen 4,000, aka mai da shi wurin ajiye motoci a shekarun 1970. Motoci na fake a ƙarƙashin rufi mai ado irin na fada, filasta na ɓarɓasowa a kansu. Abin da zai ƙara ɗaure kai, a daidai wannan fili ne Henry Ford ya harhaɗa motarsa ta farko a 1896.

Mutanen Detroit da yawa ba su yi murna da irin waɗannan hotuna ba. Ƙorafinsu shi ne baƙo ya sauka, ya nemi kangon da ya fi kyau, ya jira haske, ya kauce wa mutum 700,000 da ke zaune a garin suna kai yara makaranta, ya tafi ya sayar da hoton gawar garin da bai mutu ba. Da gaskiyarsu. Tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda aka rufe a 1988 ta zama tambarin lalacewar birnin, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a Yunin 2024. Hotunan kangon na nan suna yawo a duniya, ba su da labarin an yi gyara. Camilo José Vergara, ɗan asalin Chile, ya bi hanyar da ta fi adalci. Tun 1977 yake komawa ƙofar shago guda a unguwar Harlem ta New York, shekara bayan shekara, har mai kallo ya ga yadda wuri ɗaya ke canza hannu, ya canza fenti, ya canza sana'a, ya faɗi ya tashi.

In ana neman mutum guda da aikinsa ya ratsa wannan tambaya daga farko har ƙarshe, Michael Wolf ne. Bajamushe ne haifaffen Munich a 1954, ya sauka Hong Kong a 1994 yana yi wa mujallar Stern aiki. Hong Kong tsibirai ne da duwatsu, filin gini kaɗan ne, mutane sun kai miliyan 7, sai gari ya tafi sama: rukunin gidaje masu hawa 30, masu 40, wasu fiye. Wolf ya hau tsaunukan da ke fuskantar gidajen, ya yi wata dabara mai sauƙi. Ya yanke sama, ya yanke ƙasa. Babu sararin samaniya a hoton, babu titi, babu inda ido zai sauka ya huta. Tagogi ne kawai daga gefe zuwa gefe, layi a kan layi kamar saƙar tabarma. Daga nesa mutum zai rantse zanen atamfa ne. Sai ya matso dab da hoton, wanda aka wanke da faɗin ƙofar ɗaki, sannan zai fara ganin wando a shanye a kan sanda, na'urar sanyaya ɗaki da ta yi tsatsa, tukunyar fure, labulen da aka ɗage gefe guda, tsumman goge ƙasa da aka saƙale a taga. Mutanen suna nan, a cikin shanyarsu.

Ya san abin da ya bari a waje, shi ya sa ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofa. A 2006, kafin a rushe tsohon rukunin gidajen gwamnati na Shek Kip Mei, wanda aka gina bayan gobarar 1953 da ta raba mutum fiye da 50,000 da matsuguni, ya ɗauki ɗakuna 100. Kowanne ƙafa 10 ne tsawo, 10 faɗi, kowanne da mai shi a zaune tsakanin gado mai hawa biyu da tukunyar shinkafa ta lantarki da talabijin da fanka.

A Tokyo kuma ya samu wata tasha, Shimo-Kitazawa, inda dakalin jira ke dab da tagar jirgin da ya tsaya. Da safe lokacin tafiya aiki yakan tsaya a nan, jirgi ya tsaya na daƙiƙu kaɗan, ya ɗauki fuskokin da cinkoso ya manna da gilashi. Kunci a matse, ido a rufe, tururin numfashi ya taru yana gangarowa, wani ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa. Wannan hannun shi ne matsalar aikin. Mutanen ba su da inda za su gudu, ba a nemi izininsu ba, kuma rashin mafitar da hoton ke yi musu kuka a kai ita ce ta ba mai hoton dama. A 2013 aka mai da layin ƙarƙashin ƙasa, dakalin ya tafi, aikin ya ƙare. Injiniyoyin jirgi ne suka buɗe masa taga ba da saninsu ba, su ne kuma suka rufe ta.

Duk waɗannan abubuwa ne masu jiki, ana iya nuna su da yatsa. Wahalar mai hoton yau ita ce fasahar da ke juya birni ta shige ɗaki ta ja labule. Wane hoto za a ɗauka na manhajar da ke zaɓa wa direban tasi hanya, ta kuma yanke masa kuɗin da zai karɓa? Titin jiya shi ne na yau, sai dai kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa.

Trevor Paglen, Ba'amurke mai digirin digirgir a ilimin labarin ƙasa, ya ƙi yarda cewa intanet iska ce. Bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan leƙen asirin hukumar NSA, Paglen ya koyi nutso, ya shiga teku a gaɓar Florida da Hawaii yana neman wayoyin da ke ɗauke da saƙonnin duniya. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi suke bi. Hotunan da ya fito da su ba su da wani armashi a kallon farko: ruwa shuɗi mai duhu, yashi, da wani baƙin abu a kwance kamar tiyo, gansakuka ta fara hawansa. Wanda ya fita kasuwa a Legas ko Akra ko Abijan ranar 14 ga Maris 2024 ya san nauyin wannan tiyo. A ranar ce wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, tura kuɗi ta banki ya riƙa maƙalewa, mai POS da kwastoma suka zauna suna kallon-kallo.

A Cape Town, Dillon Marsh ya bi ƙarafan sabis ɗin waya da kamfanoni suka yi wa shigar bishiya, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a 2009. Dabino ne da ba ya kaɗawa, ba ya zubar da ganye, ya fi duk na kusa da shi tsawo da miƙewa. Cika kyau ne ke tona masa asiri.

A ƙasar Sin abin ya fito fili ta wata hanyar. Tsakanin 2016 da 2017 kamfanoni irin su Ofo da Mobike suka zuba miliyoyin kekunan haya a tituna, waɗanda ake buɗewa da wayar hannu a kuma ajiye duk inda aka ga dama. Gasa ta sa aka zuba fiye da abin da gari zai iya ɗauka, kekuna suka toshe hanyoyin ƙafa, hukumomi suka riƙa loda su a manyan motoci suna jibgewa a filayen bayan gari. Wu Guoyong ya bi waɗannan maƙabartun kekuna da ƙaramin jirgi marar matuƙi a 2018. Daga sama sai a ce gonar furanni ce, ruwan ɗorawa nan, ruwan lemo can, shuɗi a gefe, kowane launi kamfani guda. Manhaja ba ta ɗaukuwa a hoto, amma jujinta na ɗaukuwa.

Babban juyin ya zo ne a Mayun 2007, lokacin da kamfanin Google ya fara Street View, motoci masu kyamarori a kan rufi suna bin titi-titi suna ɗaukar kowane gida. Aikin da Marville da Atget suka yi shekaru suna yi da ƙafa, mota na gama shi kafin azahar, ba tare da kowa ya leƙa ya zaɓi abin ɗauka ba. A 2008 Wolf ya koma Paris da zama saboda aikin matarsa, ya tarar da birnin da aka riga aka ɗauke ta kowace kusurwa. Sai ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku a gaban kwamfuta, ya shiga yawo ta cikin Street View, ya fara da Paris ya zarce wasu biranen. Abin da yake farauta shi ne abin da motar ta kama ba da niyya ba: wata ta faɗi a gefen titi, mota na cin wuta, wani ya ɗaga wa kyamara yatsan zagi, masoya sun raɓe a lungu. A 2011 gasar World Press Photo ta ba wannan aiki lambar yabo, 'yan jarida masu ɗaukar hoto da yawa suka harzuƙa. Hujjarsu ita ce mutumin bai je ko'ina ba, bai sha rana ba, hoton ma na wani ne. Ɗaya ɓangaren suka ce ɗaukar hoto dama can zaɓe ne, kuma in na'ura ta riga ta kwashe komai, zaɓen ne kaɗai ya rage wa ɗan Adam.

Ba shi kaɗai ba ne. Jon Rafman ɗan Kanada ya fara tara irin waɗannan tun 2008, ya raɗa wa tarin suna da idanu tara na kyamarar motar. Doug Rickard ya zaga unguwannin talakawan Amurka daga kan kujerarsa, gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna aikin a 2011. A hotunan nan fuskoki a dushe suke, domin manhajar Google na shafe fuska da lambar mota da kanta. An dawo titin Daguerre ke nan, na'ura na ganin gini tsaf, mutum kuwa inuwa. Sai dai wancan gazawar faranti ce, wannan shawarar lauyoyi ce. Jamusawa, waɗanda suka ɗanɗani kunnen 'yan leƙen asirin Gestapo da na Stasi, ko hakan bai ishe su ba. A 2010 gidaje wajen 244,000 suka nemi a dushe su gaba ɗaya, har wasu titunan Berlin da Hamburg suka zama jerin gine-gine da giɓin hazo a tsakani.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu ɗakunan baje koli ba su cika son a tayar ba. Andreas Gursky shi ne sarkin manyan hotuna. Ɗalibi ne na Bernd da Hilla Becher a Düsseldorf, ma'auratan da suka ƙare rayuwarsu suna ɗaukar tankunan ruwa da murhun narka ƙarfe. Hotonsa na kogin Rhine na 1999 an sayar da shi dala miliyan 4.3 a gwanjon Christie's a 2011, kuma bai ɓoye ba cewa ya sa kwamfuta ya goge masu yawo da karnuka da wata masana'anta daga ciki. A 2016 ya ɗauki wani katafaren sito na Amazon a Phoenix. Kaya ne iya ganin ido, littafi kusa da abin wasan yara kusa da kofi, ba wani tsari da idon mutum zai gane, domin kwamfuta ce kaɗai ta san inda komai yake. Hoto ne mai ban tsoro da ban sha'awa lokaci guda, kuma masu iya sayensa su ne ajin mutanen da ke da hannun jari a irin wannan sito. Irin sukar nan ce da ta yi kyau har wanda ake suka ya saye ta ya rataye a falo.

Edward Burtynsky ɗan Kanada ma daga nesa yake kallo. Ya ɗauki garuruwan bakin kogin Yangtze da mazauna suka rushe da hannunsu kafin ruwan madatsar Three Gorges ya haɗiye su, aikin da ya tashi mutum fiye da miliyan guda. A 2016 ya yi shawagi a kan Legas, ya ɗauki Makoko da gungumen katakon da ke kan ruwa kusa da injinan yanka. Daga can sama Makoko zane ce mai kyau, rufin kwano da kwale-kwale kamar an jera da hannu. Ba a jin warin ruwa, ba a ganin wanda ke kwana da fargabar rusau. Masu kare wannan salo na cewa girman wasu abubuwa ba ya ganuwa sai daga sama, kuma haka ne. Johnny Miller ya nuna hakan a Afirka ta Kudu tun 2016, inda jirginsa marar matuƙi ya kamo unguwar masu wurin ninƙaya a tsakar gida da unguwar 'yan bukkar kwano, titi ɗaya tak a tsakaninsu. Amma kada a manta, daga saman nan mai zana taswira ke kallo kafin ya ja layin da zai bi ta kan gidan wani.

Pieter Hugo ɗan Afirka ta Kudu ya sauko ƙasa ya tsaya ido da ido. A 2009 da 2010 ya je Agbogbloshie a Akra, kasuwar gwangwan da ke bakin kogin Odaw, inda tsoffin kwamfutoci da talabijin da firji ke ƙarewa a lokacin. Yawancin masu aikin samari ne da suka gangaro daga arewacin Gana neman na kansu. Su fasa na'ura da guduma, su dunƙule wayoyi, su cinna musu wuta da soson firji ko tsohuwar taya, roba ta narke jan ƙarfe ya fito a kai sikeli. A hotunan Hugo saurayi na tsaye a tsakiyar toka, sanda a hannu, baƙin hayaƙi a bayansa, shanu na kiwo tsakanin fasassun kwamfutoci, shi kuma ya zuba wa kyamara ido. A ƙarƙashin hotuna da yawa an rubuta sunan wanda aka ɗauka. A fagen da mutum ya saba zama ɗigo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Hugo shi ne wanda ya yi suna da hotunan gardawan kura na Nijeriya a 2005 da 2007, kuma tun lokacin ake masa tambayar da karin magana ta riga kowa yi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan wasa wa ye kurar, wa ye gardin? Hotunan Agbogbloshie, nasa da na ɗimbin waɗanda suka biyo sahunsa, sun sa duniya ta ɗauki wurin jujin Turai kawai. Masu binciken da suka zauna a wurin kuwa sun nuna kaso mai yawa na kayan daga cikin Gana yake fitowa bayan an more shi, kuma kasuwa ce ta masu gyara da masu sayar da kayan gyara. Hayaƙi dai ya fi mai gyaran rediyo kyau a hoto. A farkon Yulin 2021 hukuma ta turo buldoza ta share wurin. Masu ƙona waya suka watsu cikin unguwannin kusa, hayaƙin ya bi su inda baƙi masu kyamara ba su san hanya ba.

Har yanzu akwai masu tafiya a ƙafa. Akinbode Akinbiyi, wanda aka haifa a Oxford a 1946, ya tashi tsakanin Ingila da Legas, yake kuma zaune a Berlin, ya fi shekara 40 yana taka titunan Legas da Alƙahira da Kinshasa da Johannesburg da tsohuwar kyamarar Rolleiflex mai cin fim. Irin wadda ake riƙewa a daidai ciki ce a leƙa ta sama, don haka mai ɗauka kansa a sunkuye yake kamar mai gaisuwa, ba ya auna kowa da ido. Fim ɗaya hoto 12 ne, ba a ɓarna.

Tun farkon shekarun 1980 yake komawa Bar Beach, bakin tekun Victoria Island da ya kasance filin kowa da kowa a Legas. Can masu fararen riguna na cocin Aladura ke addu'a suna fuskantar ruwa, can masu doki ke ɗora yara a biya su, ga 'yan talla, ga ma'aikata da iyalansu ranar hutu. Can ne kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970. Teku ta yi shekara da shekaru tana cin gaɓar, har ruwa kan hau titin Ahmadu Bello. Maganin da aka kawo a ƙarshen shekarun 2000 shi ne Eko Atlantic. Jiragen ruwa suka tsotso yashi daga ƙasan teku suka cike wurin, aka ja katangar duwatsu mai tsawon kilomita da dama, aka shata sabon birni mai faɗin murabba'in kilomita 10 da lantarkinsa da ruwan shansa. Hotunan Eko Atlantic da duniya ta fara gani kwamfuta ce ta zana su tun ba a aza tubali ba: benaye na gilashi, tituna masu dabino, da 'yan mutane ƙalilan cikin kwat suna tafiya a rana ba gumi.

A hotunan Akinbiyi, baƙi da fari, wurin na nan da yashinsa da dawakinsa da masu addu'arsa, mutane cike da hoton daga gefe zuwa gefe. Wanda ya riƙe ɗaya a hannu yau ya je neman inda aka tsaya aka ɗauke shi, zai tarar da ƙofa da masu gadi, teku kuwa ta ja baya da fiye da kilomita guda.